Irin Geron Gidanmu a Cikin Ƙarfen Keke

Tun da na dawo ba ku bar ni na zura zare a allura cikin kwanciyar hankali ba. Wanda ya kawo ɗinki sai ya tambaya, wanda bai kawo ba ma sai ya ja benci ya zauna: "Ɗanjuma, yaya ƙasar Faransa? Da gaske burodinsu ya kai tsawon mutum?" Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya fara ƙara. Kuma na lura duk wanda ya tashi daga shagon nan sai ya ƙara nasa gishirin. Jiya na ji an ce wai kura ce ta biyo ni tun daga Babura. Ba kura. To ga shi na rubuta sau ɗaya, wanda bai yi boko ba ya nemi mai karanta masa.

Duk Kazaure an san kekena. Baƙi, ɗan Ingila, mai sanda biyu. Yanzu da kuɗin fetur suka shigo gari, kowane malamin ofis ya sayi babur yana tayar wa mutane da hankali, ni ban taɓa sha'awa ba. Abin da sai ka ba shi ya sha kafin ya ɗauke ka ai ba abin hawa ba ne, baƙo ne.

Kowace shekara, da na ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai in rufe shago yini guda. In shimfiɗa tabarma, in kwance keken nan kaf, har sai ya zamana ba wanda zai ce keke ne. In wanke boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan, ɗaya bayan ɗaya da kananzir, in jera su a faranti. In jiƙa kaca a mai. In bi wayoyin ƙafa da yatsa ina kaɗawa ina saurare, wadda ta yi sako-sako in ɗaure ta. Maiɗakina Asabe ta ce ko ranar suna ba a yi wa jariri irin wannan wankan. In na gama, ruwan farko ya sauka, yashi ya kwanta, to ranar Juma'a da sassafe sai in hau in tafi Roni in dawo kafin a shiga masallaci.

Akwai mai shayi a Roni da shekara huɗu ke nan yana yi mini tambaya ɗaya.

"Malam, rasuwa aka yi?"

"A'a."

"To me ka zo yi?"

"Zuwa na yi."

Sai ya miƙo mini shayi yana kallona ta gefen ido. Har yau mutanen Roni sun ɗauka gwamnati ce ke turo ni ƙirga awaki.

Bana ma haka na yi. Na gama ɗaura keke ranar Talata, ruwan farko ya sauka ranar Laraba. Ranar Alhamis da hantsi sai ga Baffa Iro a ƙofar shago, ƙanin mahaifina, ya tako a ƙasa tun daga ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa. Bai sha ba sai da ya faɗi abin da ya kawo shi.

Kun dai san abin da farin nan ya yi mana shekara biyu. Gidanmu muna da irin gero namu tun na kaka, gajere, mai saurin nuna, yana riga na kowa shiga rumbu. Bara Baffa ya shuka shi sau uku, sau uku yana ƙonewa. Ɗan abin da ya rage, da yunwa ta matsa, aka daka aka sha. Saura wuri ɗaya a duniya da irin nan yake: wajen Gwaggo Hanne, yayarsa, wadda aka kai aure wani ƙauye a ƙetaren iyaka, gaba da Babura, tun kafin a haife ni. Ta tafi da shi a kayan aurenta, kuma ta aiko cewa tana da tukunya ɗaya a liƙe.

"Ruwa na biyu in ya sauka za a yi shuka," in ji Baffa. "In ya same ni hannu wofi, to irin gidanmu a hannuna ya ƙare. Ni zan je lahira in gaya wa su Baba haka."

Na ce, "Baffa, ai an ce ana rabon iri a ofishin gona."

"Wannan bai san gonata ba."

Ya juya ya dubi keke yana sheƙi a inuwa. Ya daɗe yana kallo.

"Kai ne aka ce kana yawo ba dalili ko?"

"Motsa jiki ne, Baffa."

"To yau ga dalili."

Da na idar da sallar asuba ranar Juma'a na kama hanya. Wanda bai taɓa hawa keke bayan ruwan farko ba bai san daɗin duniya ba. Yashin da watan jiya zai haɗiye ka har gwiwa ya daskare kamar daɓe. Na wuce Yankwashi ina fito. Daga nan ƙaya ta ce ga ta. Faci uku na yi kafin azahar. A na ukun ina zaune gindin wata aduwa, na shafa sholisho ina hura masa iska, sai ga wani dattijon Bafulatani da 'yan shanunsa, abin da fari ya bar masa, duk haƙarƙari a waje. Ya dogara sanda ya tsaya yana kallona.

"Kaɗo, dokin naka ba shi da lafiya ne?"

"Ƙaya ya taka, Baba."

"Dokin da ƙaya ke kayarwa. Me yake ci?"

"Iska."

Ya gyaɗa kai. "To ka riƙe shi da kyau. Bana irinsa ne kawai zai kai kaka."

Muna cikin wannan hira ashe wata saniyarsa ta zagaya ta bayana tana lasar sirdi, saboda gishirin gumi. Kafin in ankara ta sa haƙori a gefe. Sirdin fata da nake shafa wa man shanu duk wata. Dattijon ya ce in yi haƙuri, ta gane ɗan'uwanta ne.

Na shiga Babura bayan la'asar, na sauka gidan Malam Bukar, wani Babarbare mai saukar da fataken hatsi, abokin Baffa. Mutum ne mai karamci, sai dai ba ya tambaya sau ɗaya. Ya tambayi lafiyar Baffa, na ce lafiya. Ya tambayi lafiyar gonarsa, da jakinsa, da rijiyar ƙauyen, sannan ya dawo kan Baffa, ko wani abu ya same shi tun ɗazu. Aka kawo burabusko da miyar kuka. Miyar ta yi tsululu, har na hango fuskata a ciki na gyara hula. Ba laifinsu ba ne, shekarar ce. Da zan shiga da keke ɗakin baƙi sai ya ce ga turken dabbobi can. Na ce wannan ba ya kwana a waje. Ya ce to, Allah Ya ba mu zaman lafiya.

Washegari na isa iyaka. Kuna ta tambayata yadda iyaka take, kamar wata katanga ce mai ƙofar ƙarfe. Igiya ce. Igiya ɗaya da tsumma ja a tsakiya, an ɗaura ta a jikin ganguna biyu. Awaki na wucewa ta ƙarƙashinta ba mai tambayarsu takarda. Namu na nan gefen suka duba lambar keke suka ce in wuce. Na can gefen kuwa, jandarmomi, na iske sun tashi. Wai a ƙasar nan da rana ta take, aiki ya tsaya ke nan sai la'asar sakaliya. Ofis ya rufe, kanti ya rufe, ita kanta igiyar barci take yi. Mu a nan ma muna barcin rana a wurin aiki, amma mu a ɓoye muke yi, muna jin kunya. Su doka ce.

Da suka farka sai babbansu ya fito, wani ƙato da gajeren wando da hula kamar tukunya. Cikinsa ya riga shi fitowa da kamar taku biyu. Ya kira ni Mushe, wato malam a wajensu. Ya zagaya keke sau biyu, ya kaɗa ƙararrawa, ya yi murmushi, ya sa aka sauke igiya.

Burodin da kuke tambaya kuwa, bai kai tsawon mutum ba. Ya kai tsawon kamu biyu, kuma in ya kwana za ka iya korar kare da shi. Gahawa suke sha a kwano, ba shayi ba. Takardar sefa kuwa faɗinta ya isa a yi wa yaro aljihu. Ban da wannan, mutanen mu ne. Hausarsu ce dai ta ɗan karkace, yunwarsu kuwa irin tamu ce sak, har ta fi.

Gwaggo Hanne ban taɓa ganinta ba sai ran nan. 'Yar tsohuwa ƙanƙanuwa, idonta kamar na Baffa. Da na faɗi sunan mahaifina sai ta kama kunnena ta juya ni wajen haske.

"Kunnen gidanmu ne. Zauna. Iro yana nan da taurin kansa?"

"Yana nan, Gwaggo."

"Shi ya cinye iri ko?"

"Yunwa ce, Gwaggo."

"Mu nan biki muka yi?"

Ta shiga ɗaki ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado, bakinta a liƙe da yumɓu. Ta fasa, ta kwashe tokar da ke sama, sai ga gero, tsaf, ko ƙwaro ɗaya babu. Maƙwabciyarta ce ta gaya mini daga baya, wata biyu gidan nan suna cin tafasa da dusa, tsohuwar nan tana kwana a kan tukunyar nan, ba wanda ya isa ya ambace ta. Ta raba biyu, ta tura mini rabi.

Sai ta ce, "Saura fita da shi."

Ashe saboda farin, an hana fitar da hatsi daga ƙasar, ko cikin tafin hannu. A bakin igiya ana zazzage buhu, ana laluba aljihu. In ka bi ta daji kuma akwai masu sintiri a kan raƙuma, in suka kama ka, hatsin da abin da ya ɗauko shi duk sun tafi. Na dubi kekena. Na ce daji dai a'a.

Gwaggo ta aika aka kira maƙwabcinta, Sarjan Mamman, tsohon sojan Faransa da ke gyaran keke da fitila a ƙauyen. Ya zo da kayan aikinsa gaba ɗaya: guduma da kurfin sare ƙarfe. Ya ƙwanƙwasa sandar keke da ɗan yatsa, ya kara kunne.

"Mushe, keken nan naka ai rumbu ne. Ciki duk wofi."

Na ce ina da sifana. Ya ce sifana ta mata ce. Jama'a, na ga abin da ba na fatan maƙiyina ya gani. Kusoshin da nake kwancewa da bismilla, mutumin nan da guduma yake musu magana. Ya cire sirdi, ya cire kai, ya cire feda. Ya naɗe takarda kamar mazurari, muka yi ta ɗura gero cikin bututun ƙarfen nan ta 'yan ramukan da ke ciki, yana girgizawa yana toshewa da tsumma. Sanda biyu na sama suka cika, na ƙasa ya cika, na ƙarƙashin sirdi ya cika. Duk da haka fiye da rabi ya rage.

Nan ne ni kuma na kawo tawa basirar, kuma ina so a rubuta cewa tawa ce, kada a ɗora wa Sarjan. Na ce ai ni tela ne. Na karɓi tsohon zanen Gwaggo na ɗinka dogayen jakunkuna biyu sirara kamar hanji, muka cika su da gero, muka zare robar cikin taya muka cusa su a madadinta. Robar kuma na ɗaure tabarmata da ita a kariyar bayan keke, kamar yadda kowa ke yi. Taya ta yi tam. Ko ni da na haife ta ba zan gane ba.

Sarjan ya ce, "Sharaɗi ɗaya. Kada ka hau. Tura shi za ka yi har ka ɓace musu, sannan ka sauke."

Gwaggo ta rako ni bakin ƙauye da safe. Ba ta ce in gaida kowa ba. Cewa ta yi, "Ka gaya wa Iro wannan na shukawa ne."

Na iso igiya ina turi. Aka kwance tabarma, aka laluba aljihu, aka leƙa cikin hula. Ba komai. Har an kama igiya za a sauke, sai ga mai cikin nan ya fito.

"Mushe! Keke kamar wannan kana turawa?"

"Ƙafata ce ke ciwo, ranka ya daɗe."

"Kash. To kawo in ɗana maka shi."

Me zan ce? In ce a'a ya tambayi dalili? Na miƙa masa. Ya ɗaga ƙafa ya hau, na ji keken ya yi wani nishi da ban taɓa ji ba. Ya zagaya ofishinsu. Ya sake zagayawa. Yaransa suna tafi. Ni kuwa ina jin tayoyin nan suna ƙurus, ƙurus, kamar mata biyu a kan dutsen niƙa. A zagaye na biyar har ya saki hannu ɗaya yana sara wa tuta. Sau bakwai na ƙirga. Ya sauko yana haki.

"Kayan Ingilishi! Nauyi gare shi, amma ya kama ƙasa. Namu na Faransa tsalle suke yi. Hau in ga yadda kake yi, ai hawa ya fi tafiya sauƙi ga mai ciwon ƙafa."

Suka jeru su biyar suna kallona. Hanyar nan kuma miƙaƙƙiya ce, ba kwana ba bishiya, mil biyu ana hango ƙeyarka. Na hau. Abin da ya bari ban niƙa ba, ni na ƙarasa.

A gidan Malam Bukar muka buɗe tayoyin. Ya ɗebo a tafin hannu, ya kai hanci, ya murza.

"Ɗana, wannan ba iri ba ne. Wannan tsaki ne. Amma an niƙa shi da kyau."

Shekarar ba ta zubar da abinci ba ce, don haka aka kai cikin gida aka dama kunu. Kunu mai ƙamshin roba. Baƙin gidan duk suka sha, wani Bazazzagi har ya nemi ƙari ya ce yana jin kamar zai iya gudu zuwa Kano. Ni ban iya sha ba. Gwaggo ta ce na shukawa ne. Saura abin da ke cikin ƙarfe ke nan.

Muna idar da la'asar gabas ta yi baƙi. Ruwa na biyu. Aka yi shi kamar da bakin ƙwarya har magariba. Kowa a gidan yana hamdala, ni ina lissafin kwana nawa danshi ke yi a jigawar Baffa. Uku, in an yi sa'a.

Na mayar da robar taya, na fita da asuba. Duk gonar da na wuce mutane ne a duƙe, mai sungumi a gaba, masu zuba iri a baya. Ban tsaya gaisawa da kowa ba. Kafin Yankwashi akwai wani rafi da na wuce shi ranar Juma'a ban ma san rafi ba ne. Yau ya cika yana tafiya da itace. Mutane na zaune a bakin gaɓa suna jira ya janye. Wani ya ce zuwa gobe. Na naɗe wando, na saɓa keke a kafaɗa, na shiga. Ruwa a gwiwa, ruwa a ƙugu, ruwa a ƙirji. A tsakiya ƙafata ta faɗa rami, ni da keke muka nutse gaba ɗaya. Ni ban iya ruwa ba, amma ban saki ba. Wasu masu ƙarfi biyu suka jawo keken, ni kuma na biyo shi a maƙale. Ɗaya ya ce tun da yake bai taɓa ganin keke ya ceci mutum ba.

Na kwana Kazaure, da sassafe na miƙe Gwiwa. Na iske Baffa a bakin gona, zaune, sungumi a kan cinyarsa. Gonakin maƙwabta duk an shuka, tasa ce kaɗai fili. Ya dubi kariya, ba buhu. Ya dube ni. 

Na ce, "Yana ciki, Baffa."

Na cire sirdi, na zaro tsumma da ƙyar, na kifa keke na girgiza. Ko ƙwaya. Na sa waya na zungura, ta fito da 'yan ƙwayoyi uku, jiƙaƙƙu, sun kumbura sun yi taushi. Ruwan rafin nan ya shiga ko'ina. Geron ya sha ya ƙoshi, ya cushe a ciki kamar an yi daɓe. Baffa ya ɗora ɗaya a farce ya duba.

"Da ransa. Har ya fara tunanin tsiro. In ya ƙara kwana a ciki ruɓewa zai yi."

"Bari in shanya keken a rana, Baffa, ƙila zuwa jibi..."

"Jibi ƙasa ta bushe."

Aka kira maƙerin ƙauye. Ya zo da zarton ƙarfe, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ce sai an yanka kowane bututu gida biyu, wataƙila uku, sannan a tsaga. Na tambaye shi ko in an kai Kano za a iya yi masa walda. Ya ce za a iya, in ana son a sami ƙofar garke.

Baffa bai ce in yanka ba. Wannan ina so ku sani, don na ji ana cewa tilasta ni ya yi. Cewa ya yi, "Abinka ne, Ɗanjuma." Sai ya juya baya yana kallon gona.

Maƙeri ya ɗora zarto a kan fenti, a karkace. Na ce, "Tsaya, malam. Ba haka ake yi masa ba. Kawo."

Ni na yanka. A miƙe, yanka mai kyau, kamar ina yanka shadda. Muka shimfiɗa mayafi, muka yi ta ƙwaƙulo gero da tsinke, yana warin giris. Ƙwarya ɗaya ya cika, da ɗan kai. Baffa ya tashi ya kama sungumi, ni da matan gida muna binsa, yana ta faɗa kada wanda ya zuba fiye da ƙwaya huɗu a rami. Kafin la'asar iri ya ƙare. Bai kai rabin gonar ba.

Kwana uku na yi a ƙauyen, don ba ni da abin da zan koma a kai kuma ba na son tambaya. Ran na ukun da sassafe na bi Baffa gona. Ya tsuguna a layin farko, ya daɗe. Na leƙa ta kafaɗarsa. Ga su nan, 'yan kore sirara kamar allura, layi bayan layi har inda muka tsaya. Na ga ya sa gefen rawani ya goge ido, ya ce ƙasa ce ta faɗa masa.

"Ya fito," in ji shi.

"Alhamdu lillahi, Baffa."

Ya miƙe, ya dubi sauran filin da ba a shuka ba, ya auna shi da ido.

"Sai dai keken naka ƙarami ne. Da ya ɗan fi haka girma, da mun kai bakin kukar can."

Na ba shi haƙuri, na kama hanyar Kazaure a ƙasa.